'YAN DOKA: WA KE AIKEN SU, WA KE TUHUMAR SU?

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai

 

Da sakatare ya aiko mini cewa ni zan yi jawabin bana, sai da na ce ko ya yi kuskuren suna ne, domin duk wanda muka zauna aji ɗaya da shi ya san ba a sa ni a muhawara. To amma na karɓa saboda wata magana da ke gaban ƙungiyarmu, wato shawarar da wasu suka kawo cewa mu taimaka wa 'yan sintirin unguwanninmu da fitilu da ruwan sanyi, har da babur in hali ya yi. Ina goyon baya. Sai dai kafin mu sa hannu a aljihu, ina so mu waiwayi wasu masu tsaro da aka taɓa yi a ƙasar nan tamu, waɗanda ni ban gan su ba, amma wasu daga cikin malamanmu da ke zaune a nan sun gan su da idonsu. Ina nufin 'yan dokan En'e.

Kafin zuwan Turawa, dogarai ne ke kama mai laifi, su tsare fada, su zartar da hukuncin sarki da na alƙali. Yawancinsu bayin sarki ne, a ƙarƙashin Sarkin Dogarai. Da Turawa suka ci Kano a 1903 ba su rushe wannan tsari ba, domin mulkin da suka zaɓa na bi ta hannun sarakuna ne, ga shi kuma ya fi musu araha. A cikin shekarun 1920 aka fara gyara, aka fitar da wata ƙungiya daga cikin aikin dogarai, aka ba su kaki, aka koya musu fareti, aka yanka musu albashi daga Baitulmali. A birnin Kano an fara kiran su 'yan gadi, daga baya sunan 'yan doka ya bi ko'ina. Dogarai kuwa suka koma ga hidimar fada, inda muke ganin su har yau da rigunansu ja da kore.

A lura, waɗannan daban suke da 'yan sandan gwamnati, waɗanda aka haɗe na Arewa da na Kudu suka zama runduna ɗaya a 1930. Ɗan sanda na gwamnati ne, ɗan doka kuwa na sarki da majalisarsa. Kowace En'e da nata: Kano da nata, Haɗejiya da nata, haka Gumel da Kazaure. Mu nan Dutse a lokacin gunduma ce a ƙarƙashin En'e ta Kano, saboda haka ɗan dokan da ke ratsa Limawa zuwa Garu, a gaban hakimi yake aiki, amma shugabansa na can birni, shi ne Wakilin Doka. Makaminsa kulki ne da ankwa. Muƙamai kuwa irin na soja ne, kofur da saje, har zuwa sufeto.

Wani abin sha'awa shi ne yadda aka riƙa ɗora 'ya'yan sarauta a kan wannan muƙami, don a ɗaga darajar aikin da a da ake ganin na bayi ne. Marigayi Alhaji Ado Bayero ya riƙe Wakilin Doka na Kano daga 1957 zuwa 1962, kafin ya tafi jakadanci Senegal, ya dawo ya zama sarki a 1963. Ana yaba masa da ƙoƙarin rage ɗabi'ar tsare mutane don kawai wani babba ya ce a tsare su. Wannan yabo da kansa ya isa ya nuna mana cewa ɗabi'ar ta yi ƙarfi a wancan zamani.

Ba zan zalunce su ba, suna da abin yabo. Muna yara akwai wani tsoho a unguwarmu da ya yi aikin doka a ƙuruciyarsa, Allah ya jiƙansa. Idan yana ba mu labari, ba ya maganar bincike irin na takarda. In an sace akuya ya san mahautan da zai fara leƙawa, ya san wanda ya kwana a gari da wanda bai kwana ba, domin baƙo ba ya sauka sai mai unguwa ya sani. Yarensu ɗaya da mutane, masallacinsu ɗaya, kuma in ya ci zalin wani, gobe zai haɗu da uwarsa a bakin rijiya. Wannan sanin gida shi ne abin da muke kuka da rashinsa idan aka turo mana jami'i daga nesa, wanda kafin ya gane hanyar Sakwaya da ta Madobi an sake masa wurin aiki.

Amma ga inda gizo ke saƙar. En'e ce ke ɗaukar ɗan doka aiki, ita ke biyan sa, ita ke korar sa. Kotun alƙali tata ce, gidan yari ma nata ne. Mai kamu da mai shari'a da mai tsaron fursuna duk daga tukunya ɗaya suke ci. To talakan da aka zalunta, ina zai kai kuka? In ya je wurin dagaci, na hakimi ne. In ya yi ƙarfin hali ya je wurin Di'o, sau da yawa takardar sai ta komo hannun wanda ake ƙara. Akwai jami'an 'yan sandan gwamnati da ake turawa su ba da shawara da horo, amma kula da fareti da tsaftar kaki daban, sauraron kukan talaka daban.

Da siyasa ta shigo sai ɓarakar ta fito fili. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, manyan En'e kuwa galibinsu suna tare da NPC. Izinin yin lacca daga hannun En'e yake fitowa. Sai a hana 'yan adawa izini, in sun taru a ce sun karya doka, ɗan doka ya kama, alƙali ya ɗaure. Laifin zagin sarki ko na hakimi ya kai mutane da yawa gidan yari. Ko hukumar Willink da ta binciki koke-koken ƙananan ƙabilu a 1957 zuwa 1958 ta ji ƙorafi a kan 'yan dokan gargajiya. Da soja suka karɓi mulki a 1966, aka kafa kwamiti a ƙarƙashin Yusuf Gobir, ya ba da shawarar gwamnatin tarayya ta karɓe 'yan doka da gidajen yari. Haka aka yi cikin 'yan shekarun da suka biyo baya: waɗanda suka cancanta aka mai da su 'yan sanda, saura aka sallame su. A nan tsohuwar Jihar Kano abin ya faru a zamanin Audu Bako, wanda shi kansa kwamishinan 'yan sanda ne. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 214, ya zo da cewa runduna ɗaya ce tak a ƙasa.

Sai ga shi zamani ya juyo. Jihohin Yarbawa sun kafa Amotekun a 2020, Katsina ta ƙaddamar da nata masu tsaron a 2023, Zamfara ta fito da Askarawa a 2024, kuma a cikin 2024 ɗin Shugaba Tinubu da gwamnoni suka zauna a kan batun 'yan sandan jihohi. Ni a matsayina na ma'aikacin gwamnati ba ni da bakin cewa a yi ko kada a yi. Abin da na koya a ofis kawai shi ne, duk aikin da ba a rubuta shi ba, ba mai iya tuhumar wanda ya yi shi.

Saboda haka ga roƙona a kan gudummawarmu. Mu bayar, amma mu nemi a nuna mana rajistar sunayen 'yan sintirin, da sa hannun mai unguwa da sanin ofishin 'yan sanda. A ajiye littafi da za a riƙa rubuta duk wanda aka kama, da lokacin da aka kama shi, da lokacin da aka miƙa shi ga hukuma, kada a kwana da mutum a ɗaure ana duka. Abu mafi muhimmanci a wurina, a samu wasu dattawa, har da mace a cikinsu, waɗanda ba su ke biyan 'yan sintirin ba, ba kuma 'yan takara ba ne, da za a riƙa kai musu ƙara. Babur ɗin kuma a rubuta shi da sunan unguwa, kada ranar zaɓe mu gan shi da tutar wata jam'iyya. Na san wasu za su ce yaran nan sa kai suke yi, ko sisi ba a ba su, don me za a ɗora musu takarda? Littafin nan su zai fara karewa ranar da aka yi musu ƙazafi.

Ina roƙon shugaba ya sa wannan batu a ajandar zaman da za mu yi bayan sallar la'asar, ya kuma ba iyayenmu malamai da suka ga zamanin 'yan doka dama su gyara mini inda na kauce.  Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mai da kowa gidansa lafiya.