Muhawarar Majalisar Tarayya Kan 'Yan Sandan Jihohi Da Jin Daɗin Jama'a



Shugaban wannan zama, malamai, iyayenmu dattawa, da sauran 'yan'uwa da suka halarta. Bayan haka, an ɗora mana nauyin yin bayani a kan muhawarar da aka daɗe ana tafkawa a Majalisar Tarayya a Abuja game da tsaron jama'a da jin daɗinsu. Mun sani cewa da yawa daga cikinmu in aka soma labarin majalisa a rediyo sai su murɗa zuwa wata tasha, suna cewa surutun 'yan siyasa ne. To, muna roƙonku ku ba mu aron kunnuwanku na ɗan lokaci, domin abin da sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360 suke ja-in-ja a kansa shi ne wanda zai riƙe bindiga a ƙofar garinku, da wanda zai biya shi albashi, sa'an nan da wanda yake da ikon ce masa kama wane, saki wane.

Bari mu fara da abin da doka ta shimfiɗa. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya kafa rundunar 'yan sanda guda ɗaya tak ga ƙasa baki ɗaya, ya kuma hana kafa wata a kowane yanki. Gwamna yana iya ba kwamishinan 'yan sandan jiharsa umurni a kan zaman lafiya, amma sashe na 215 ya ba kwamishinan damar ya ce a dakata sai an miƙa maganar ga shugaban ƙasa tukuna. Wato ke nan mutumin da ake wa laƙabi da babban jami'in tsaro na jiha yana iya ba da umurni da safe, rana ta faɗi ba a motsa ba.

Wannan tsari kuwa yana da asali, kuma duk wanda bai san asalinsa ba ba zai fahimci tsoron da ke zukatan dattawanmu ba. A da, sarakuna suna da dogarai. Da Turawa suka zo suka kafa En'e, sai aka tsara 'yan doka a ƙarƙashinta, alhali ita rundunar 'yan sandan Nijeriya, wadda aka haɗe ta Arewa da ta Kudu aka samar a 1930, tana gefe guda. Ɗan doka ɗan gari ne. Ya san kowane lungu, ya san ɓarawon unguwa da uban ɓarawon, kuma in aka yi sata a kasuwa ba ya bukatar tafinta. Wannan alheri ne da ba a musunsa. Amma da siyasar jam'iyyu ta shigo, musamman bayan kafa NEPU a Kano a 1950, sai ɗan doka ya zama sandar duka a hannun masu mulki. A hana taro, a kama mai lacca, a gurfanar da shi gaban alƙali da laifin zagin sarki ko tayar da hankali, kafin la'asar yana gidan yari. Mabiyan Malam Aminu Kano sun ɗanɗana kuɗarsu, Hajiya Gambo Sawaba kuwa an ɗaure ta sau da dama. A Jihar Yamma ma haka aka yi da 'yan sandan ƙananan hukumomi a zaɓuɓɓukan 1964 da 1965. Tun kafin 'yancin kai, hukumar Willink da ta binciki fargabar ƙananan ƙabilu ta ba da shawara a rahotonta na 1958 cewa a rinjayar da ikon 'yan sanda ga gwamnatin tarayya. Da soja suka karɓi mulki a 1966 sai suka ɗauki hanyar rushe 'yan doka, aka narkar da su cikin rundunar tarayya a 'yan shekarun da suka biyo baya.

Saboda haka in kun ji tsoho yana cewa Allah Ya kiyashe mu da 'yan sandan gwamna, kada ku ce tsufa ne. Ya ga abin da idonsa.

Sai dai kuma, 'yan'uwa, adalci ya wajabta mu faɗi ɗaya ɓangaren. Mayar da iko Legas, daga baya Abuja, bai kawar da zalunci ba. A 1980 jami'an gwamnatin tarayya ne suka ɗauke Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Jihar Borno, suka kai shi Chadi wai ba ɗan ƙasa ba ne, sai da kotu ta mayar masa da haƙƙinsa. A watan Yuli na 2003 'yan sandan tarayya ne suka tsare gwamna mai ci, Chris Ngige na Anambra, a cikin jiharsa. A watan Oktoba na 2020 kuma aka rushe rundunar SARS bayan zanga-zangar da matasa suka yi a kan cin zarafin da take yi. Ga kuma abin da ya fi damun mutanen karkara: rundunar da ba ta kai mutum rabin miliyan ba, ita aka ɗora wa tsaron mutane fiye da miliyan 200, kuma wani kaso mai yawa daga cikinta yana riƙe wa manyan mutane jaka da buɗe musu ƙofar mota. An sha ba da umurnin janye su, har a watan Nuwamba na 2025 shugaban ƙasa ya sake bayarwa. Yawan maimaita umurnin kaɗai ya isa ya nuna muku yadda ake bin sa.

Wannan giɓi ne ya sa jihohi suka shiga neman mafita ta bayan gida. Jihohin Yarbawa sun kafa Amotekun a 2020. Katsina ta ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma a watan Oktoba na 2023, Zamfara ta fito da Askarawa a watan Janairu na 2024, Sakkwato ma ta bi sahu a wannan shekarar. Kafin su akwai 'yan banga da 'yan sa-kai, waɗanda wasunsu sun sayar da rayukansu don kare ƙauyukansu, wasu kuwa sun yi kisan da ya ƙara rura wutar gaba tsakanin manoma da makiyaya. Ashe ke nan, abin da ake muhawara a kansa ya riga ya wanzu a ƙasa, illa dai yana tafiya ba tare da cikakken hurumi a tsarin mulki ba, ba tare da horo iri ɗaya ba, kuma wanda aka zalunta bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Majalisa ta sha ɗauko maganar tana ajiyewa. Taron ƙasa na 2014 ya ba da shawarar a ƙyale jihohi su kafa 'yan sandansu. A 2018 kwamitin jam'iyyar APC a ƙarƙashin Malam Nasiru El-Rufa'i ya faɗi haka, kuma a wannan shekarar Sanata Ike Ekweremadu ya gabatar da ƙuduri a Majalisar Dattawa, wa'adin majalisar ya ƙare ba a kai ko'ina ba. A watan Fabrairu na 2024 ƙudurin da mataimakin kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, da abokansa suka kawo ya tsallake karatu na biyu. Bayan wata biyu, a wani taron jin ra'ayi da majalisar ta kira a Abuja, tsohon shugaban ƙasa Goodluck Jonathan ya goyi baya, Sufeto Janar na wancan lokaci kuwa ya aiko da saƙon cewa ƙasar ba ta kai wannan munzali ba tukuna.

Masu goyon baya suna da hujja mai ƙarfi, wadda ba a cika ambata ba: a watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi damar shiga harkar wutar lantarki, da jiragen ƙasa, da gidajen yari. In jiha tana da majalisar da ke yin doka, da kotun da ke yanke hukunci, an kuma yarje mata ta gina kurkuku, me ya rage in ba mai kamawa ba? Masu adawa kuma suna cewa a dubi hukumomin zaɓe na jihohi. Da wuya ka ji jihar da jam'iyyar gwamna ba ta lashe kusan dukkan kujerun ƙananan hukumomi ba. Wanda ya yi haka da akwatin zaɓe, me zai yi da bindiga? Sa'an nan ga batun albashi. Ba mu manta 2015 ba, lokacin da jihohi da yawa suka kasa biyan ma'aikata sai da gwamnatin tarayya ta ba su rancen ceto. Malamin makaranta in ya yi wata shida ba albashi, bashi zai ci a wurin mai shago. Mai bindiga kuwa shinge zai kafa a kan hanya.

Mu dai abin da muka fahimta shi ne, zama a yadda ake ya fi hatsari, domin jini yana zuba. Amma ba ma goyon bayan a miƙa wa gwamna runduna kamar yadda ake miƙa masa motar ofis. Lallai ne naɗa kwamishina da tsige shi su bi ta hannun hukuma mai zaman kanta wadda gwamna ba shi kaɗai yake zaɓen membobinta ba. Lallai ne kuɗin albashi su fita kai tsaye kafin a taɓa kason jiha, a kuma nisanta wannan runduna daga aikin zaɓe. Ɗaukar ma'aikata ya game kowace ƙabila da kowane addini da ke zaune a jihar, ciki har da mazauna rugage, in ba haka ba za a ba wani ɓangare kaki ne ya ci gaba da tsohuwar gaba da sunan hukuma.

Yanzu sai mu juya ga ɓangaren da ba ya samun kanun labarai. Tsarin mulkin nan da kansa, a sashe na 14, ya haɗa tsaron jama'a da jin daɗinsu wuri guda ya ce su ne maƙasudin kafa gwamnati. Sashe na 16 ya ambaci matsuguni mai kyau, da abinci, da albashin da zai riƙe mutum, da kula da tsofaffi da marasa aikin yi. Kalmomi masu daɗin ji. Amma sashe na 6 ya zo ya ɗaure hannun kotuna, ya ce ba za a kai ƙarar gwamnati a kan abin da ke cikin wannan babi ba. Wato an rubuta maka takardar bashi, aka kuma rubuta a bayanta cewa ba ka da ikon zuwa karɓa.

Ku ɗauki batun gidaje. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ƙuduri gina gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara, kuma har yau akwai unguwanni da ake kira da sunansa. Amma da yake dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamnoni, wasu gwamnonin adawa suka hana fili, wasu suka bayar a bayan gari inda babu ruwa babu hanya, gidaje suka zama mazaunin jemagu. A 1992 soja suka kafa asusun gidaje na ƙasa, ana yankar kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci. Ku tambayi ma'aikatan da ke zaune a cikinku, nawa ne aka yanka musu shekara da shekaru, nawa ne kuma suka taɓa riƙe makullin gida ta wannan hanya? Kafin a ba ka rancen sai ka kawo takardar mallakar fili, ita kuwa sai da sa hannun gwamna, ga shi kuma rancen yana ɗauke da kuɗin ruwa, abin da ya sa mutane da yawa a cikinmu suka haƙura da shi tun daga ƙofa. Majalisa ta zartar da sabon ƙuduri a kan asusun, wanda ya ƙunshi haraji a kan siminti, Shugaba Buhari ya ƙi sa hannu a 2019. Talakan da ba ya karɓar albashi kuwa, mai faskare da mai tura ruwa, ba shi ma a cikin lissafin. Shi kansa ɗan sandan da muke magana a kansa, wanda ya taɓa leƙa bariki ya ga inda yake kwana da iyalinsa zai rage mamakin halinsa a kan titi.

Lafiya da ilimi ba za mu daɗe a kansu ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, da sharaɗin jiha ta kawo nata kason kafin ta ɗiba, kuma an sha samun jihohin da suka bar kuɗinsu a ajiye domin sun ƙi kawowa. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 domin ƙananan asibitoci, amma sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Majalisa takan yi doka mai kyau, sa'an nan ta yi barci a wajen bin sawunta. Ƙananan hukumomi 774 da ya kamata su riƙe rijiyar burtsatse da ɗakin shan magani sun daɗe suna kallon kuɗinsu na maƙalewa a asusun haɗin gwiwa da jiha, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa tura musu kai tsaye. Gwamnan da ya ji nauyin sakin kuɗin ƙaramar hukuma, shi ne dai ake so a ba amanar runduna, don haka maganganun biyu ba sa rabuwa.

Abu na ƙarshe da muke so ku riƙe shi ne yadda ake gyara tsarin mulki. Sashe na 9 ya ce sai kashi biyu cikin uku na membobin kowace majalisa a Abuja sun yarda, sa'an nan sai majalisun dokoki na jihohi 24 daga cikin 36 sun amince. Jihohin Arewa 19 ne. Ma'ana, babu gyaran da zai wuce in Arewa ta haɗu ta ƙi, babu kuma wanda Arewa za ta iya zartarwa ita kaɗai. Ɗan majalisar jihar da kuke haɗuwa da shi a wurin ɗaurin aure da jana'iza yana da ƙuri'a a cikin duk wani gyara irin wannan. Ku nemi kwafin abin da aka rubuta a kan 'yan sandan jihohi, ku sa wanda ya iya Turancin shari'a ya karanta muku shi da Hausa, ku duba wa zai naɗa kwamishina, wa zai biya albashi, ina kuma wanda aka kama ba bisa ƙa'ida ba zai kai kuka. In an kira zaman jin ra'ayin jama'a a shiyyarku, ku rubuta takarda ku tura wakilai, a tafi da manomi da makiyayi da ɗan kasuwa a mota ɗaya.