Me ya sa ƙaramar wayarka take hukin? Rumbu, tabarma da littafin mai sito

Yau maganar waya za mu yi, musamman ƙananan wayoyin Itel da Tecno da ke hannun yawancinmu. Tambayar ita ce: me ya sa waya take hukin, ka goge hotuna ka goge bidiyo, amma ba ta daina ba?

To, abu biyu muke haɗawa mu kira su memori. Akwai ma'ajiya, inda hotuna da karatu da fina-finai suke kwance ko da an kashe wayar. Wannan kamar rumbu ne. Sai kuma ram, kamar tabarmar da ake zube hatsi a kai idan za a auna. Rumbu yana iya zama babba, gig 32 ko 64, amma tabarmar gig 1 ce ko 2. Duk abin da waya za ta yi aiki da shi sai ta fara ɗora shi a tabarmar. Idan ta cika, Android yana da wani mai gadi da ke rufe manhajojin da ke baya don a samu wuri. Shi ya sa za ka fita daga WhatsApp ka duba lambar akawu, kafin ka dawo har ya fara lodi daga farko.

Yanzu ga ɓangaren da ba a cika magana a kai ba. Ku ɗauki mai sito a kasuwar Sheme. Yana da littafi: buhun wane, nawa ne, a wane lungu aka jera shi. Waya ma tana da irin wannan littafi, shi ne tsarin fayil. Kowane fayil yana da rajistarsa: girmansa, ranar da aka ajiye shi, da inda yake a rumbun. Kuma don kada a riƙa komawa rumbu kowane daƙiƙa, waya tana ajiye shafukan littafin da take yawan dubawa a kan tabarmar. Ka ga ke nan littafin ma yana cin wuri. A ce rajista dubu 100 ne a kan tabarmar, wani ya gyara kod ɗin ya rage bayit 100 daga kowace. An samu kusan meg 10 ke nan kyauta. Mai wayar gig 12 ba zai ma lura ba. Mai gig 1 zai ji a jikinsa.

Su wa suke wannan aikin? Android an gina shi ne a kan Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, ƙasar Finland. A 2012 injiniyan Samsung mai suna Jaegeuk Kim ya fito da tsarin F2FS, wanda aka tsara musamman don irin ma'ajiyar da ke cikin waya, ya shiga Linux a 2013. Bayan haka injiniyoyin Huawei, da Gao Xiang a gaba, suka kawo EROFS, aka karɓe shi sosai a Linux 5.4 a 2019. Shi wannan na fayilolin da waya take karantawa ne kawai ba ta canza su, kamar na ainihin Android ɗin. Ƙaramar rajistarsa bayit 32 ce, alhali tsarin ext4 da aka saba da shi yakan ɗauki 256. Sannan yana matse fayiloli, idan zai warware su kuma yana iya yi a daidai wurin da ya ɗora su, ba sai ya shimfiɗa tabarma ta biyu ba.

Wani zai ce, to ina ruwanmu? Ku tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda matsalar tsaro, zamanin gwamna Aminu Bello Masari. Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa duk suna ciki. Watanni babu kira, babu intanet. Abin da ke cikin wayarka shi ne naka: karatun malamai, littattafan makaranta, hoton takardun shaida, sai abin da aboki ya tura maka ta Xender. A irin wannan hali babu maganar ajiya a intanet, tsarin fayil ɗin wayarka ne ke riƙe da komai.

Ga kuma wani abu. Google ya fito da Android Go a 2017 don wayoyi masu ram gig 1 ko ƙasa da haka. Zuwa 2022, Android 13 Go sai da gig 2. Ma'ana bakin ƙofar yana ƙara tsawo, kuɗin waya yana tashi, manomin da ya sayar da buhun masara ya sayi waya shi ake bari a baya. Duk wanda ya zauna ya rage wa kod cin ram, ya ƙara wa wayar talaka kwana.

Kafin mu rufe, ga abin da za ku riƙe. Idan za ku sayi waya kuka ga an rubuta ram 4+4, ainihin ram ɗin 4 ne, sauran aro ne daga ma'ajiya, kuma ba ya da sauri kamarsa. Manhajojin nan masu alkawarin share ram, ku rabu da su. Suna zubar da abin da waya ta ajiye don ta yi sauri, ta sake ɗaukowa, batir ya tafi a banza, su ma kuma suna zaune a kan tabarmar. Ku yi amfani da Facebook Lite da ire-irensa. Kada ku cika ma'ajiya maƙil, ku bar mata sarari. Katin memori kuwa, na gig 32 zuwa ƙasa yawanci da tsarin FAT32 yake zuwa, wanda ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce gig 4. Idan babban fim ya ƙi shiga, ba lallai katin ne ya lalace ba.

Saƙona na ƙarshe ga 'yan'uwa masu karatun kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da ta Tarayya a Dutsin-Ma, da Ahmadu Bello a Zariya. Kod ɗin Linux a buɗe yake, kowa na iya saukewa ya karanta, kowa na iya tura gyara ta imel a duba. Ba a tambayar takardar shaida. Ku koyi yaren C, ku buɗe kod ɗin EROFS, ba shi da girma idan aka kwatanta da sauran. Ku gwada shi a kan tsohuwar wayar da ke aljihun ƙaninku, domin mu ne muka san yadda take yi idan ram ya ƙare.

Wace waya kuke riƙe da ita, ram ɗinta nawa, kuma wace manhaja ce ta fi sa ta hukin? Ku faɗa mana, za mu taɓo amsoshin a shiri na gaba. Allah Ya zaunar da yankinmu lafiya. Sai mun haɗu.