Ranar da Fankar Motarmu ta Tsaya

Yau ba da haruffa za mu fara ba. Labarin mota zan ba ku, amma in kun kasa kunne za ku ga karatu a cikinsa.

Cikin hunturun da ya wuce muka tashi daga Birnin Kebbi da asuba, za mu Argungu duba azuzuwa. Mu shida ne cikin motar ofis, ga littattafai, ga alluna, ga alli. Kun dai san sanyin fadamar Gulbin Rima a watan Janairu. Muka rufe tagogi ruf. Muna wuce Ambursa sai gilashin gaba ya yi hazo daga ciki, domin numfashin mutane in ya taɓa gilashi mai sanyi yakan zama raɓa. Direba ya murɗa makunnin fanka don iska mai ɗumi ta busar da gilashin. Shiru. Ya sa hannun riga yana gogewa yana tuƙi, saura kaɗan mu hau amalanken shanu. Allah ya kiyaye. Na ce, "Direba, tsaya. Ba mu ƙara ko taki sai an gyara abin nan."

To, bari ku ji yadda abin ke aiki. Injin mota in yana tafiya yakan yi zafi, ruwa ne ke zagayawa yana sanyaya shi. Wani kashi na ruwan zafin nan yakan bi ta wani ƙaramin lagireto da ke ɓoye a gaban fasinja. Kusa da shi akwai fanka mai aiki da wutar batir. Ita ke hura iska ta cikin lagireton, iskar ta ɗumama, ta fito. Kamar zugazugin maƙeri ne. Wutar kuwa tana da hanya: daga batir zuwa fiyus, daga fiyus zuwa makunni, daga makunni zuwa fanka, sa'an nan ta koma batir ta jikin ƙarfen motar. Ko ina hanyar ta yanke, fanka ta tsaya. Mai gyara na kirki bin hanyar nan yake yi daki daki, kamar yadda mai ban ruwa ke bin lambatu har ya ga inda ya toshe.

Da farko sai a gwada makunni. Yana da lamba 1, 2, 3, 4. In fanka ta ƙi a 1 da 2 da 3, amma ta yi a 4, to fankar lafiyarta lau, ɗan abin da ke rage mata gudu ne ya ƙone, shi kaɗai za a saya. Tamu kuwa ta ƙi a dukansu.

Na biyu, a duba fiyus. Fiyus ɗan siririn ƙarfe ne cikin roba. An yi shi musamman don ya ƙone in wuta ta yi yawa, domin mota ta tsira. Suna nan jere cikin wani ƙaramin akwati, ko wanne da aikinsa. Direba ya buɗe ya tsaya yana kallo, bai san wanne ne na fanka ba. Sai yaron mota ya ce, "Maigida, ba ni murfin." Yaron nan watansa takwas ke nan yana zuwa aji da yamma. Ya duba zanen da ke bayan murfin, ya ga alamar fanka, ya karanta lambar, ya ce 30. Ya zaro fiyus ɗin, ya ɗaga shi sama. Ga ƙarfen ciki ya tsinke.

Ku riƙe wannan. A irin fiyus masu ƙafa biyu, ja 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Lambar tana rubuce a kansa.

Direba ya ce, "Malam, ai wannan mai sauƙi ne. A naɗa masa waya, ko takardar kwalin taba mai walƙiya, mu tafi." Na ce a'a. Wanda ya yi haka ya kori mai gadi ya bar ƙofa buɗe. Wutar da ta kamata ta ƙone fiyus sai ta ƙone wayoyin mota, daga nan sai gobara. Haka kuma ba a sa 40 a gurbin 30. Lambar da aka cire, ita za a mayar.

Akwai na ajiya guda biyu a jikin murfin. Aka sa ɗaya, aka murɗa makunni. Fat! Shi ma ya ƙone. To, nan ne hankali ke aiki. Fiyus ba ya ƙonewa haka banza. In sabo ya ƙone nan take, akwai abin da ke ƙona shi, sai an nemo abin nan. Da mun sa na ƙarshen a lokacin, da mun yi asararsa shi ma.

Na uku ke nan, a duba fankar kanta. Aka kashe mota, aka zare makulli, aka kwance kan batir mai alamar debewa. Kada ku manta da wannan, domin yatsa ba ya tsirowa. Yaro ya kwanta a wajen ƙafar fasinja, ya kwance kusoshi uku, ya sauko da fankar. Me za mu gani? Gidan ɓera! Ga ƙaiƙayin shinkafa, ga tsumma, ga auduga, duk sun cushe fukafukan, ko da hannu ba ta juyawa. Ashe da kaka an yi ta ɗaukar buhunan shinkafa da motar, ɓera ya bi tsaba ya samu ɗaki. Fanka in ta maƙale takan ja wuta fiye da kima, shi ya sa fiyus ke ƙonewa. Aka share, aka kaɗe ƙura, ta juya sumul. Aka mayar, aka ɗaura batir, aka sa fiyus na ƙarshe. Sai ga iska mai ɗumi, gilashi ya washe. Muka isa Argungu hantsi bai yi ba, ba mu kashe ko kwabo ba.

Wani zai ce, to in fiyus bai ƙone ba fa? Sai a sami ƙwan fitilar mota mai waya biyu. A murɗa makulli, a kunna makunni, a taɓa waya ɗaya inda wuta ke shiga fanka, ɗayar a jikin ƙarfen mota. In ƙwai ya kama, wuta na isowa, watau laifin na fanka ne ko na wayar da ke mayar da wuta. In bai kama ba, laifin na baya ne, makunni ko waya. Nan sai a kai wa mai gyaran wutar mota, amma ka riga ka san abin da za ka gaya masa, ba zai sa ka sayi abin da bai lalace ba.

In kuwa fanka na hurawa amma iskar ba ɗumi, a duba ruwan lagireto, mai yiwuwa ya ragu. Amma kada a buɗe murfinsa injin na da zafi, ruwan zai yi tsalle ya ƙona fuska. A jira ya huce.

Jama'a, direbanmu ya shekara ashirin yana tuƙi, ya san hanyar nan kamar tsakar gidansa. Amma ran nan yaron da ya iya karanta lamba biyu shi ya fid da mu. Mako na zagayowa sai ga direba ya zo aji, ya zauna a tabarmar baya, ya ce a rubuta sunansa.

Yanzu ku ɗauki alli. Ku rubuta 10, 15, 20, 30, ko wace lamba da launinta. Wanda ya gama ya ɗaga allonsa in gani.