Marubuci Ɗaya, Rumbu Uku: Ta Ina Za a Kama Teju Cole?

Yau a filinmu na adabi tambaya ɗaya muka riƙo: idan marubuci ya zuba aikinsa a littafi, da hoto, da wayar salula, ta ina ɗalibi zai fara nazarinsa?

Mu ɗauki Teju Cole. An haife shi a Amurka a 1975, ya tashi a Legas. Littafinsa na farko, Every Day Is for the Thief, ya fito a Najeriya a 2007, labarin mutumin da ya dawo Legas bayan shekaru a waje. Cikinsa akwai hotunan da Cole ya ɗauka da kansa. Kar ka ɗauke su a matsayin ado, ɗan'uwa. Abin da alƙalami ya yi shiru a kai, shi hoton ke nunawa.

A 2011 ya fitar da Open City. A shekarar ce kuma ya fara Small Fates a Twitter: sai ya tsinci ƙaramin labari daga jaridun Najeriya, na sata ko haɗari, ya matse shi cikin haruffa 140. A 2014 ya raba jimlolin gajeren labarinsa Hafiz ga mutane daban-daban, kowa ya wallafa tasa, shi kuma ya jero su a shafinsa. To, wa ke da labarin? Tambayar ke nan.

Sannan ga Blind Spot na 2017, hoto a shafi ɗaya, rubutu a ɗayan. Sunan ya samo asali ne daga lalurar da ta taɓa dushe masa gani a ido ɗaya. Shi ya sa batun gani da rashin gani ke bin aikinsa ko'ina.

Shawararmu ga ɗalibi: jera rumbunan nan uku bisa shekaru, ka bi jigo ɗaya a cikinsu, ka kuma adana abin da ka gani a intanet tun da wuri. Littafi yana jiranka a kanta, amma shafin sada zumunta yana iya ɓacewa dare ɗaya.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Marubutan Hausa nawa ne, daga Kano har Maraɗi, ke sakin labaransu a WhatsApp da Wattpad kaɗai? In ba mu taskace su yau ba, gobe me jikokinmu za su nazarta?

Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.