Jawabi Kan Ciwon Dajin Huhu Da Batun Warkewa Ba Magani



An tambaye mu ko gaskiya ne ciwon daji kan janye da kansa ba tare da magani ba. Gaskiya ne, likitoci ma ba su musa ba. A 1966 wasu likitocin Amurka biyu, Everson da Cole, suka bi rubuce-rubucen likitanci na sama da shekara sittin, suka samo mutum 176 kacal da hakan ta faru da su. Da yawansu dajin ƙoda ne, ko na fata, ko na ƙananan yara. Na huhu bai taka kara ya karya ba. Ana kyautata zaton garkuwar jiki ce ke farkawa, wani lokaci bayan zazzaɓi mai tsanani. Likita William Coley ya lura da haka a New York tun 1891. A yau akwai magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi cutar, kuma a kansu aka ba Allison da Honjo kyautar Nobel a 2018.

To amma mu dawo gida. Idan aka ce mana wane ya warke da jiƙo, mu fara tambaya: an taɓa yankar ɗan naman a duba? In ba a duba ba, wa ya tabbatar daji ne? Tarin fuka da dajin huhu kamanninsu ɗaya: tari, rama, jini a kaki. Na farko yana warkewa da maganin wata shida, kyauta. Na biyu kan lafa na 'yan makonni, mai shi ya ɗauka ya rabu da shi, alhali yana ci a ɓoye.

Taba sigari ce babbar sila, amma iyayenmu mata da ke wuni cikin hayaƙin bandar kifi a bakin tafkin Kainji, da tsofaffin ɗalibanmu masu shaƙar ƙurar dutse a ramukan zinariya, su ma huhunsu na shan wahala.

Roƙonmu shi ne, tarin da ya wuce mako biyu a kai shi Babban Asibitin Yauri, a gwada kaki, a ɗauki hoton ƙirji. In an sha maganin fuka babu sauƙi, kada a ji nauyin likita. A nemi takardar turawa zuwa Birnin Kebbi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Dajin da aka kama da wuri tiyata na iya cire shi. Wanda ya bazu sai dai a rage masa ƙarfi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wassalam.