Sharhi: Kafin a biya kuɗin mage ko kare a intanet



Sau da yawa mutum kan ga hoton 'yar mage mai kyau a Facebook, an ce kyauta ce, kuɗin jirgi kawai zai biya. Da ya tura, sai a ce masa saura kuɗin keji, gobe kuma na inshora. Daga ƙarshe layi ya daina shiga, magen ma babu ita tun farko.

Safarar dabba ta jirgin sama tana da ƙa'ida. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce kejin ya zama mai shan iska, wanda dabbar za ta iya miƙewa tsaye, ta juya, ta kwanta. Likitoci kuma suna gargaɗi kan ba ta maganin barci. Tun 1 ga Agusta 2024, Amurka ba ta karɓar karen da bai kai wata 6 ba, ko wanda ba a dasa masa na'urar shaida a ƙarƙashin fata ba.

Saboda haka, jama'a, ku nemi ganin dabbar ta kiran bidiyo, ku ga takardun rigakafinta, sannan ku tuntuɓi kamfanin jirgin da kanku kafin ku fitar da ko sisi.