Wayar Tarho ta Jan Ƙarfe da Bukatar Intanet Mai Sauri

Bayanin da zan yi muku yau ya shafi tsohuwar wayar tarho ta jan ƙarfe, yadda aka ɗora mata aikin intanet, da dalilin da ya sa take gazawa.

Asali an shimfiɗa wannan waya domin ɗaukar muryar mutum kurum. Murya kuwa ɗan gefe take ci daga abin da wayar ke iya ɗauka, tamkar mai keke shi kaɗai bisa babban titi. Saboda haka injiniyoyi suka ƙago dabarar da ake kira ADSL, wadda ke tura saƙon kwamfuta ta sauran filin, a yi magana a kuma yi intanet kan layi guda. A Birtaniya kamfanin BT ya soma sayar da ita cikin shekarar 2000, da saurin rabin megabit a daƙiƙa. Ba a daɗe ba jama'a suka raina wannan, musamman da kallon bidiyo ya yawaita. Aka ƙara saurin zuwa megabit 8, daga baya 24.

To, amma fa jan ƙarfe yana da wani hali: gwargwadon nisan da saƙo ya yi a cikinsa, gwargwadon raunin da zai yi. Gidan da ke kusa da ofishin tarho ya sami cikakken sauri, wanda ke nesa da kilomita biyar kuwa da ƙyar ya sami megabit biyu, alhali sau da yawa kuɗin wata iri ɗaya suke biya. Maganin da aka samo shi ne a jawo wayar faiba, watau zaren gilashi mai ɗaukar saƙo da haske, har zuwa akwatin bakin titi, jan ƙarfe ya ƙarasa sauran 'yar tazarar zuwa gida. Ta haka aka kai megabit 80. Dabarar G.fast, wadda Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta amince da ita cikin 2014, ta fi wannan sauri, sai dai amfaninta bai wuce mita ɗari biyu ko uku ba. Ku lura, ƙarin saurin da ya wuce megabit 24 da gajarta jan ƙarfen aka same shi.

A nan Nijeriya zancen ya sha bamban. Sa'ad da wayar salula ta shigo cikin 2001, layukan kamfanin NITEL masu aiki ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasa mai mutum fiye da miliyan ɗari. Ke nan ba mu da jan ƙarfen kirki da za a tatsa. Intanet ɗinmu ya dogara ne ga hasumiyoyin salula da wayar faiba da ke haɗa su. Don haka ake roƙon 'yan kwangila da masu haƙa rami, su tuntuɓi kamfanonin sadarwa kafin su sa diga a bakin hanya, domin waya guda in ta tsinke sai gari ya rasa layi.